Rumbunan Bawa a Bangon Aji

Ruwan farko na bana ya sauka da ƙarfinsa, mutane suka fita da sungumi suka yi shuka, sannan sama ta ɗauke. Hatsi ya tsiro, ya kai tsawon ɗan yatsa, ya tsaya yana jira. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi, ya aiko da iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ya karkata kudu ya tafi ya zuba wa mutanen Katsina. Mu a nan Agye mu shigar da tabarmi saboda iska, mu sake fito da su saboda zafi.

Cikin wannan jira ne Rakiya ta dawo daga lise, makarantarsu ta sakandare, wata rana da fara'ar da ba a saba gani ba ga wanda ya yi tafiya da rana tsaka. Rakiya jikar wana Bawa ce, wanda ya rasu tun kafin a haife ta. Ubanta yana ƙauyenmu, arewa da Gazawa, ita kuma tana zaune wurina saboda karatu. Ta ajiye jaka, ta sha ruwa a randa, ta zo ta tsaya a kaina.

"Tsoho, yau na ga mijina na gaskiya. Ashe kai ragowa aka bar mini."

"Wa zai ƙwace mini amarya ina zaune?"

"Kaka Bawa. Na gan shi da idona, a fim."

Ta zauna ta ba ni labari. Malaminsu na tarihi da labarin ƙasa, Mushe Laminu, kamar yadda ake kiran malami a nan da Faransanci, yana da wata al'ada. In zai koyar da abin da ya shafi zaman jama'a, sai ya rataya farin zane a kan allo, a toshe tagogi da tabarmi, ya haska musu fim na abin da ya faru da gaske, ba na wasan kwaikwayo ba. Sun ga na masu tafiya cin rani, sun ga na sarar itatuwa. In an gama kallo sai a yi gardama. Wannan karon darasin yunwa ne da tanadin abinci, sai ya samo wani tsohon fim da wasu Turawa suka ɗauka a yankinmu a wata shekarar fari, tun ba a haifi ubanta ba. An nuna garuruwan da suka watse, sannan aka nuna gari guda da ya tsaya.

"Da aka faɗi sunansa da sunan garinmu sai da na miƙe tsaye. Ga shi cikin babbar riga, rumbuna a bayansa, duk a rufe. Baturen da ke magana ya ce wannan manomi ne da ya san tanadi, shi ya sa gidansa bai ji yunwa ba. Duk 'yan ajinmu suka juyo suna kallona. Mushe ya ce ni zan yi ekispoze a kansa mako mai zuwa, in tsaya in yi wa aji bayani. Ya ce kuma in roƙe ka ka zo, tunda kana nan lokacin."

Na ce mata zan yi tunani. Ba ta taɓa ganin hoton kakanta ba sai ranar. Wannan mutum mai babbar riga shi ne iyakar abin da ta mallaka nasa. Ni kuwa na san abin da ke cikin rumbunan nan.

Na ga fim a wurare da yawa. Na ga majigi a filin kasuwa a Katsina ina yaro, ana koya wa mutane tsabtar rijiya. Na shiga silima a Abijan, inda muke cika ɗaki don mu ga an bugi mugu. Ban taɓa zaton zan ga ranar da za a kawo yunwarmu cikin aji a haska ta a bango, yara su rubuta ta a kaye, littafinsu na rubutu, ba. Ban ƙi abin ba. Yaron da ya ga fuskar mutum ya fi riƙe darasi a kan wanda aka karanta wa. Sai dai na'ura abin da aka tsayar a gabanta take ɗauka.

A waccan shekarar na dawo daga Kumasi ne a tsakiyar bazara. Damina biyu a jere ba su yi kirki ba. Tun daga Cadawa na fara ganin alama. Shanu kwance a gindin gawo, ba mai tayar da su. Mata da ƙwarya a kan gidajen tururuwa, suna tonawa suna sheƙe ƙasa don su sami tsabar da tururuwa ta tara. Rairayi yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Ruwan rijiya ya yi nisa, sai an ƙulla igiya a kan igiya, guga kuma ya fito rabinsa laka.

A gidanmu Hajo, matar Bawa, ita ke riƙe da tukunya. Da asuba ita da sauran mata sukan tafi daji neman anza. 'Ya'yan anza ɗaci gare su, sai an jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, kwana da kwanaki, sannan a dafa. Ko an dafa, ɗacin yana nan manne a maƙogwaro. Da hantsi yara su tafi kaɗo ƙarangiya, su dawo ƙafafu duk ƙaya, a sussuke a fitar da 'yar tsabar da ke ciki, ƙanana kamar yashi. Ganyen jiga da yaɗiya kuma a dafa a yayyafa musu dusa. In an sami garin rogo daga kudu, ranar kamar salla ce. A jiƙa shi ya kumbura ya cika ciki, kafin la'asar ya zama kamar ba a ci ba. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, da yamma, don yara su samu su yi barci.

Amma rumbunan Bawa suna tsaye a bayan gida, manya, na ƙasa, bakinsu a liƙe da laka. Wanda bai san al'adarmu ba zai yi mamaki. A wajenmu in an gama kaka, maigida yakan raba wa mata abin da za su ci da rani, sannan ya liƙe manyan rumbuna. Ba a buɗe su sai an fara noma, lokacin da gida duka ke gandu ana bukatar ƙarfi. Ba a tambayar mutum yaushe zai buɗe, ba a tambayarsa abin da ke ciki. Ubanmu kuma sarkin noma ne a zamaninsa, ya taɓa ɗaure dami dubu. Saboda haka duk wanda ya kalli rumbunan sai ya ce a ransa, kome tsanani akwai na gidan sarkin noma. Na ga wani maƙwabcinmu ya ɗaure kaya zai tafi kudu da iyalinsa, ya sake kwancewa, ya ce bari dai a jira Bawa ya buɗe.

Wata safiya Bawa ya ce in riƙe masa tsani, laka ta tsage a bakin babban rumbu. Ya hau, ya ɗan jima, sannan ya sauko ya ce in hau in ƙarasa, bayansa na ciwo. Na hau da laka a hannu. Tsagar tana da faɗi, hasken safiya ya shiga ta ciki har ƙasa. Babu kome sai ƙaiƙayi da busasshen kashin ɓera. Ɓerayen ma sun tashi. Wani wari ya bugo ni, irin na tsohon tulun da ya daɗe ba a zuba masa ruwa ba. Na shafe tsagar na sauko. Yana cuɗa laka da ƙafa, bai dube ni ba.

"Ka liƙe da kyau?"

"Na liƙe."

"To, wanke hannunka."

Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan har ya koma ga Allah. Daga baya na gane da gangan ya sa ni hawa, don kada ya zama shi da Hajo kaɗai ke ɗauke da abin. Irin shuka ne kawai ya rage a gidan, cikin tulu, a binne ƙarƙashin gadonta.

Na zauna da mutane iri-iri. Mutumin Asante in yana jin yunwa zai gaya maka, ya gaya maka har wanda ya jawo masa. Ba'abzine yakan ja rawani ya rufe baki ya yi shiru. Mu kuwa mukan share ƙofar gida mu sa riga mai kyau. In an ce ina gajiya mu ce babu, in an ce yaya gida mu ce lafiya lau.

Sai ga saƙo daga mai gari, cewa baƙi za su zo da mota da na'urar ɗaukar hoto, tare da wani ma'aikaci daga buro, wato ofishin gwamnati, kada a kunyata gari. Ba wanda ya tambayi abin da suka zo nema. Aka share gari tun da asuba. Mata suka ciro zannuwan salla. Aka shafa wa yara ɗan man da ya rage don kada fatarsu ta yi furu-furu, waɗanda cikinsu ya kumbura kuma aka bar su a ɗaka. Hajo ta tono tulu ta ɗebi irin shuka ta yi fura, domin ba a tarbar baƙo da ruwa tsura a gidan sarkin noma. Baƙin suka kurɓa kaɗan don ladabi suka ajiye. Suka ce suna so su ɗauki mata suna daka. Aka zuba dusa da ƙaiƙayi a turmi, mata suka yi lugude har da tafi, suna jefa taɓarya sama suna cafewa. Aka tsayar da Bawa gaban rumbunansa cikin rigar ubanmu. Aka tambaye shi ta bakin ma'aikacin, yaya shekara. Ya ce alhamdu lillahi. Aka tambaye shi ko abin da ya tanada zai kai shi kaka. Ya ce da yardar Allah.

Da motocin taimako suka fara shigowa yankin, sai muka riƙa hangen su suna wucewa zuwa wasu garuruwa. Mai gari ya je ya tambaya. Aka ce masa ai ku an gan ku, kuna da abinci.

Ruwa ya zo a makare. Binnen iri da muka yi kafin ruwa, ɓeraye suka tone. Muka sake shuka bayan ruwan farko, ta ƙone. Ta ukun ce ta kama, da ragowar abin da ke cikin tulu, ana tsakurawa a kowane rami. Lokacin noma ya yi, wato lokacin buɗe rumbu. Gari ya zuba ido. Bawa ya ce sai an yi maimai, wato noma na biyu. Da aka yi maimai ya ce sai hatsi ya fitar da kai. Mutane sun fara ganewa, amma ba wanda ya furta. Lokacin tafiya ya riga ya wuce, gonaki sun yi kore, ba mai barin gona haka.

Muka yi noman da rawani ɗaure a ciki, a matse shi sosai don a daina jin kukan hanji. Kafin hantsi hauya ta yi nauyi, in ka ɗago kai idonka ya yi duhu sai ka dafa ƙota. Gayya babu fura, sai dafaffiyar tafasa da gishiri, amma mutane suna zuwa, yau gonar wannan gobe ta wancan. Tafasar nan ce ta riƙe mu, tana tsirowa a kowane juji da bakin hanya. In ruwa ya same mu a gona ba ma gudu. Mukan tsaya ya dake mu, sanyinsa yana sa a manta da ciki na ɗan lokaci.

'Yar farin Hajo, Indo, ba ta daɗe da yaye ba. Ta rasu hatsi ya fitar da kai bai nuna ba. Ba zan ce ga abin da ya kashe ta ba. Zawo ne da zazzaɓi, irin wanda yaro mai ƙoshi yakan tashi daga gare shi. Ba a jima ba muka gasa tumun farko. Na tuna Bawa ya murza shi a tafin hannu, ya hure, ya miƙa wa Hajo. Ta kau da kai.

Wannan asiri ba nawa ba ne, na Hajo ne, kuma tana nan da ranta. Ranar kasuwar Gazawa na shiga mota, daga can na hau kabu-kabu zuwa ƙauye. Na same ta a inuwar itacen bedi tana ɓarar gujiya. Idonta ya yi rauni, bakinta bai yi ba.

"Wa nike ji kamar Na-Kumasi? Biko ka zo, ko gari ya kore ka?"

"Na zo in ga ko kin tsufa in nemi wata."

"Nemi. Wadda za ta ɗauke ka da haƙorin nan guda, ka gaishe min da ita."

Muka gaisa, na sha ruwa, sannan na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ci gaba da ɓara.

"Rigar ta hito da kyau?"

"Rakiya ta ce ta fito."

"Ni na wanke ta. Da ruwan da za mu sha."

"Yaya, yarinyar nan za ta tsaya gaban 'yan ajinsu ta ce gidan kakanta bai ji yunwa ba. In na yi shiru, ta faɗi abin da ba shi ke nan ba. In na yi magana, na ƙwace mata shi."

Ta kakkaɓe ɓawo daga zanenta.

"Shi wan naka rufin asiri ya nema, ya samu, ƙasa ta ƙara mishi. Yanzu ba shi bukatar laka. Amma Indo fa? Baturen ya ambaci sunanta?"

"Bai ambata ba."

"To kai ka ambata. Sai dai kada ka ce musu mugu ne. Da ya buɗe rumbun nan tun bazara, da garin ga ya watse, da ba wanda ya shuka ko ƙwaya. Kada kuma ka ce musu gwani ne. Ni na san abin da na ba ƙasa. Kuma ka fara gaya mata a gida, kada ta ji a gaban mutane."

Haka na yi. Bayan sallar magariba na zaunar da Rakiya na gaya mata duka, tun daga tsani har tumu. Da na gama ta ɗago kai.

"Ke nan ƙarya ya yi."

"Bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba."

"Ya dai tsaya a gabanta aka ɗauke shi."

Kwanakin da suka biyo ta daina ce mini tsoho, sai Baba, kamar wata baƙuwa. Ta ce za ta gaya wa Mushe ba ta da lafiya. Na ce wannan nata ne. Ranar da aka sa, ta fita da sassafe ba ta jira ni ba, ban kuma san ko ajin ta nufa ba.

Mushe Laminu ya tarye ni a ƙofar lise. Matashi ne, mutumin Gidan Rumji, hannun rigarsa duk alli. Na gaya masa tun a waje cewa abin da zan faɗa ba zai yi daidai da fim ɗinsa ba.

"Baba, ai shi ya sa muke gardama bayan kallo. In fim ya isa shi kaɗai, da ba a bukatata."

Ajin ya yi duhu ya yi zafi, tagogi a toshe, ga warin gumi da alli. Na hangi Rakiya a bencin gefe, kanta a sunkuye. Aka kunna. Na ga garinmu a share tas, yadda bai taɓa zama ba. Na ga taɓaryar Hajo tana tashi sama. Na ga Bawa, wanda duk rayuwata nake ganinsa babba, ashe lokacin bai kai shekarun ɗana na yanzu ba.

Da aka gama, na nemi izini in yi magana da Hausa. Faransancina bai gaza ba, amma ba da shi na ji yunwar ba. Na gaya musu abin da ke cikin turmin, da abin da ke cikin rumbunan, da inda furar baƙi ta fito. Na gaya musu yadda motoci suka wuce. Na faɗi sunan Indo.

Wani dogon yaro daga baya ya ɗaga hannu.

"Mushe, to ai wannan yaudara ce. Shi ya hana a kawo musu taimako."

Wata yarinya ta juya ta dube shi. "Kai in baƙo ya zo gidanku yau, babanka zai ce mishi ba ku ci ba?"

Aka ɗan yi dariya, ta mutu da wuri. Wani ya ce laifin masu fim ne, me ya hana su leƙa ciki. Na kusa da shi ya ce, "A leƙa rumbun mutum? Kai ɗan ina ne?" Wata ta ce da garin ya watse fa, wa ya san yara nawa za a binne a hanya. Mushe ya bar su suka yi ta yi, bai raba musu ba. Can ya juya gefe.

"Rakiya, in kina so a ɗaga naki zuwa wata rana, ba laifi."

Ta miƙe. Takardar da ta rubuta tun farko tana hannunta a ninke, ba ta buɗe ba.

"Mushe, a maido wurin da yake tsaye. Amma a kashe muryar."

Ya maido. Babu murya, sai ƙarar na'ura. Da babu mai gaya mana abin da muke gani, sai rigar ta zama rigar wani, tana rataye a kafaɗun da ba su cika ta ba. Wuyansa siriri, leɓɓansa a tsage, yana murmushi. Hannunsa na dama yana jikin rumbu. Ni da nake wurin a ranar, duk shekarun nan ɗauka nake hannun mai nuna dukiya ne.

Rakiya ta taka har gaban zanen, inuwarta ta rufe gefe guda.

"Ku dubi bakin rigar," in ji ta. "Rawa yake yi, ganyen itacen can kuwa ba ya motsi. Ku dubi yatsunsa. Ba nuna rumbun yake ba. Riƙe shi ya yi, kada ya faɗi a gaban baƙi."

Ta ɗan tsaya tana kallonsa. Sannan ta juyo ta fuskanci ajin, ta sa takardar a aljihu.

"Wannan kakana ne, Bawa. Yana da ɗiya, sunanta Indo. Daga kanta zan fara."